Kotun Agboville Da Gonakin Mutanenmu: Alƙali Takarda Yake Karantawa

Duk wanda ya saba shiga tashar motocin Adjamé da sassafe ya san layin da ke fita ta Abobo, ya ratsa Anyama da Azaguié, ya dire Agboville, tafiyar kimanin kilomita 80. Yawancin fasinjojin fatake ne: masu sarin goro, masu ayaba da rogo, masu kai kaya kasuwannin ƙauye. Amma a cikinsu ba a rasa mutum ɗaya ko biyu da suka rungume jakar takardu a ƙirji, ba sa ce wa kowa uffan. Waɗannan ba kasuwa za su ba, kotu za su.

Mu mazauna Adjamé da Treichville, in aka ce kotu, hankalinmu babban ginin nan na Plateau yake tafiya, domin can ne ake sauraron ƙararrakin unguwanninmu. Sai dai wasu daga cikin iyayenmu da yayyenmu sun zuba guminsu a gonakin koko da roba da goro da kwakwar manja a ƙauyukan da ke arewacin Abijan. A dokar Kwaddibuwa kuwa, rigimar ƙasa ana yin ta ne a kotun yankin da ƙasar take. Mai shago a Adjamé da ke da gona a Rubino ko Grand-Morié, ranar da aka taso masa, gaban alƙalin Agboville zai gurfana. A wannan rana ba za a tambaye shi shekara nawa ya yi yana noma wurin ba kafin a tambaye shi takardun da ke hannunsa. Wannan shi ne abin da muke so mu jawo hankalin 'yan uwa a kansa.

Kotun da yankin da take yi wa aiki

Agboville ita ce hedikwatar jihar Agnéby-Tiassa, ƙasar ƙabilar Abbey ce, kuma layin dogon da ya tashi daga Abijan zuwa Wagadugu ya ratsa ta. An daɗe ana lissafa kotunta a cikin rassan babbar kotun Plateau, tare da na Adzopé da Aboisso da Grand-Bassam, kamar yadda aka jingina na Dabou da Tiassalé ga kotun Yopougon. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba, kotun ɗaukaka ƙara ta Abijan zai dawo.

A harabar kotu irin wannan akwai ɗakin shari'a, da ofishin mai gabatar da ƙara, da ofishin magatakarda inda ake shigar da ƙara ake kuma karɓar kwafin hukunci. Aikinta ya wuce na ɓarayi da masu faɗa. Alƙali ne yake sa hannu a takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Daga kotun wurin haihuwar mutum ake ciro takardar da ke nuna ko an taɓa ɗaure shi. Ita ce ke ba da hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, ita ce kuma ke raba gardamar iyakar gona tsakanin maƙwabta, ko tsakanin mai ƙasa da baƙonsa. Ga manomin Céchi ko Oress-Krobou, wannan gini shi ne ƙofar da yake bi kafin hukuma ta san da zamansa da dukiyarsa.

Yadda aka faro

Tun zamanin Turawan Faransa mutane suke gangarowa kurmin kudu daga arewacin ƙasar nan, da Burkina Faso da Mali da Gini da Nijar da Nijeriya. Namu kakannin goro ne ya fi jawo su, kuma har yau goron Anyama yana kaiwa kasuwar Mariri a Kano. Bayan samun 'yancin kai a 1960, marigayi Félix Houphouët-Boigny ya ƙarfafa wa baƙi gwiwa su yi noma, kuma an san shi da matsayin cewa ƙasa ta wanda ya raya ta ce. A bisa wannan ne Kwaddibuwa ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko, daga baya ta zama ta ɗaya a Afirka wajen roba.

To amma wancan matsayi na shugaban ƙasa bai taɓa zama doka rubutacciya ba. Abin da ake yi a ƙauye shi ne, baƙo ya zo wurin ɗan gari, ɗan gari ya nuna masa daji ya sare, baƙo ya ba da kuɗi ko kyauta, ya kuma ci gaba da kyautata wa mai masaukinsa duk kaka da lokacin rasuwa ko biki. Wani lokaci a rubuta 'yar takarda da hannu, wadda ake kira petit papier, mutum biyu ko uku su dangwala. Wasu kuma suka shiga yarjejeniyar rabon amfani: aboussan, inda mai aiki ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku, ko abougnon, inda ake raba biyu. Da roba ta yi kasuwa sai aka ƙara da planter-partager, wato ka shuka gonar, in ta kama a raba.

Matsalar tana cikin 'yar takardar nan. Baƙo a ransa ya sayi ƙasa. Ɗan gari a ransa ya ba da izinin noma ne kawai, domin a al'adarsu ƙasar kakanni ba ta sayuwa. Muddin dattawan biyu suna raye, zumunci yana rufe ɓarakar. Ranar da suka kau, 'ya'yan mai ƙasa suka dawo daga birni ba aikin yi, suka tarar dajin gidansu yana hannun baƙi, sai magana ta tashi. Abin da ya faru a Tabou a ƙarshen 1999, inda rikicin gona ya sa dubban 'yan asalin Burkina Faso suka bar yankin, ya isa ishara. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da doka ta ce

Dokar da alƙalin Agboville yake aiki da ita a kan gona ita ce doka mai lamba 98-750 ta ranar 23 ga Disamba 1998. Sashenta na farko ya ce gwamnati, da hukumomin jama'a irin su ƙananan hukumomi, da mutum ɗan Kwaddibuwa ne kaɗai za su iya mallakar ƙasar karkara. Tsarin mulkin 2016 ya maimaita wannan a sashe na 12. Gyaran da aka yi a 2004, bayan yarjejeniyar Linas-Marcoussis ta 2003, ya bar wa baƙin da suka riga suka sami cikakkiyar takardar mallaka kafin dokar haƙƙinsu, har magadansu su gada. Amma wannan bai shafi mai petit papier ba.

Hanyar da doka ta shimfiɗa ita ce ta certificat foncier, takardar shaidar haƙƙin gona. Ana shigar da buƙata a ofishin sous-préfet. Sai a turo mai bincike da mai awon ƙasa, a kira maƙwabtan iyaka su shaida, a kafa duwatsun iyaka. Ana liƙa sakamakon binciken a ƙauye na wani wa'adi domin mai ƙorafi ya fito. Kwamitin ƙasa na ƙauyen ya amince, kwamitin yanki ya tabbatar, sa'an nan préfet ya sa hannu. A 2016 aka kafa hukumar AFOR domin ta jagoranci wannan aiki, kuma a 2018 Bankin Duniya ya tallafa da dala miliyan 50 a shirin PAMOFOR, wanda Agnéby-Tiassa tana cikin jihohin da ya shafa. Wa'adin shekara goma da aka ba mutane tun farko bai isa ba, sai da aka ƙara shi a 2013, abin da ke nuna irin jan ƙafar da aikin ya yi.

Abu biyu ya kamata kowa ya riƙe. Na farko, wanda ba ɗan ƙasa ba ba a rufe masa ƙofa gaba ɗaya ba. Yana iya yin hayar gona a rubuce daga mai takardar shaida, kuma akwai hayar dogon zango da ake kira bail emphytéotique, daga shekara 18 zuwa 99, wadda magada suke ci gaba da ita. Na biyu, gyaran dokar da aka yi a watan Oktoba 2019 ya hana sayar da ƙasar gargajiya da ba ta da certificat foncier. Saboda haka duk wanda aka zo masa Adjamé yau da tayin gona mai araha, aka ce sarkin ƙauye zai buga hatimi shi ke nan, to ya sani kuɗinsa zai zuba a abin da doka ba ta yarda da shi ba.

Aure da gado

Mu ɗauki misali, irin wanda kowane limami a nan zai iya kawo makamancinsa. Wani bawan Allah yana da shago a Treichville da gonar roba a wani ƙauye kusa da Azaguié. Matansa biyu, duk an ɗaura aurensu a masallaci, da waliyyi da sadaki da shaidu, aure ingantacce a Musulunci. 'Ya'yansa tara, uku daga cikinsu an haife su a gona, ba a kai sunansu ofishin magajin gari ba. Allah Ya yi masa rasuwa. Bayan arba'in dangin mai ƙasa suka ce gonarsu ta dawo gida. Iyali suka ɗunguma zuwa kotu.

Tambayar farko da za a yi musu ita ce, su wane ne magada a idon doka? Tun dokokin 1964 Kwaddibuwa ta daina aiki da al'ada a kan aure da gado, ta kuma daina amincewa da auren mace fiye da ɗaya. Dokar aure ta ranar 26 ga Yuni 2019 ta ci gaba a kan cewa auren da jami'in hukuma ya ɗaura ne kaɗai yake da tasiri a doka. Dokar gado da aka fitar a ranar ta ba wa mata ko mijin mamaci kashi ɗaya cikin huɗu, 'ya'ya kuma kashi uku cikin huɗu, mace da namiji daidai. Amma matar da ake nufi ita ce wadda aka ɗaura aurenta a ofishin magajin gari. A misalinmu, matan nan biyu da suka shekara talatin a gidan ba su da ko dala a gaban alƙali. 'Ya'yan da uban ya yi wa takardar haihuwa da sunansa za su ci gado ko da ba a yi auren hukuma ba. Ukun da ba su da takarda kuwa, sai sun fara tabbatar da cewa su 'ya'yansa ne.

A nan ne mutanenmu suke yawan ruɗewa, domin sun zo da tunanin gida. A Kano ko Katsina ko Sakkwato, mutum yana zuwa kotun shari'ar Musulunci alƙali ya raba masa gado bisa fara'ili. A Maraɗi ko Damagaram, sarki ko hakimi yana fara yin sulhu, kuma alƙali yana iya zama da mashawarta masana al'ada a kan aure da gado da gona. A Agboville babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Alƙalin ba ƙin Musulunci yake yi ba. Littafin dokar da aka ba shi ne babu wannan a ciki.

Hanyar da ta rage ga iyalin da ke son rabon fara'ili ita ce yardar juna. In magada duk baligai ne, suka amince a raba bisa shari'a, suka rubuta a gaban notaire, sun rufe ƙofar rigima. In akwai marayu ƙanana, sai an bi ta hannun alƙali domin kare rabonsu. Amma in mutum ɗaya ya bijire ya kai ƙara, dokar ƙasa za a bi. Ashe ke nan tsoron Allah a zukatan magada da takarda a hannunsu, kowanne yana buƙatar ɗan uwansa.

Takardar haihuwa

Dokar rajistar jama'a ta ranar 19 ga Nuwamba 2018 ta ba iyaye wata uku su yi rajistar jariri. In wa'adin ya wuce, sai an je kotu an nemi jugement supplétif, a kawo shaidu, a biya kuɗi, a jira. Abin da za a yi a safiya ɗaya bayan suna ya koma tafiya biyu ko uku zuwa Agboville. Yaron da ba shi da wannan takarda yana gamuwa da cikas lokacin jarrabawar kammala firamare, ba zai sami katin shaida ba, ba zai buɗe asusun banki ba.

Ɗalibai su lura da wani abu. Haihuwa a Treichville ko Adjamé ba ta mayar da mutum ɗan Kwaddibuwa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1961, musamman bayan gyaran 1972, jini take bi, wato uwa ko uba ya kasance ɗan ƙasa. Wanda iyayensa 'yan Nijar ne ko Nijeriya, ya nemi takardar haihuwarsa a nan, ya kuma je ofishin jakadancin ƙasarsu ya yi rajista. Wanda ya saki duka biyun yana iya wayar gari ba ƙasar da ta san da shi. Dattawa sun tuna yadda batun takardu ya kasance cikin abubuwan da suka rura wutar rikicin da ya ɓarke a 2002, har yarjejeniyar Wagadugu ta Maris 2007 ta tanadi alƙalai su riƙa zagayawa garuruwa da ƙauyuka suna ba da hukuncin haihuwa. Abin da ya kai ƙasa ga yaƙi bai kamata magidanci ya ɗauke shi wasa ba.

Nauyin da ke kan hukuma

Faɗin wannan duka ba wanke tsarin ba ne. Da Faransanci ake shari'a, alhali manomi Abbey ko Mosi ko Bahaushe da dama ba su da shi sai na ciniki, kuma magana in ta bi ta bakin tafinta tana rage nauyi. Yawancin lauyoyin ƙasar nan a Abijan suke, don haka wanda ya ɗauki lauya zai biya har da kuɗin hanyarsa. Mutumin ƙauye yana barin gonarsa ya kwana a gari, a kira ƙararsa a ɗage zuwa wata mai zuwa. Kuɗin awo ya fi ƙarfin talaka in ba shirin gwamnati ne ya zo ƙauyensu ba. Ga kuma dillalan bakin kotu, waɗanda mutanen Abijan ke kira margouillats, masu tare baƙo su ce sun san hanya.

Hukuma ta ɗauki wasu matakai. Tun 2016 aka tanadi ofisoshin tallafin shari'a a kotuna domin marasa hali, an kuma fara ba da wasu takardu ta intanet a wasu kotuna. Dokar 2014 ta amince da sasanci a wajen kotu, kuma majalisar sarakunan gargajiya da aka kafa a shekarar tana da hurumin sulhunta rigingimun ƙauye. Abin da ya rage shi ne waɗannan su isa kunnen mutumin Loviguié da yarensa, a yawaita zaman kotu na zagaye, a kuma samar da tafintoci amintattu.

Adalci kuma ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Matashin Abbey da ya tarar an ba da dajin gidansu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ma yana da abin faɗa. Ba kowane baƙo ne ya cika alkawarin da ya ɗauka wa mai masaukinsa ba, kuma akwai waɗanda suka ci iyaka da gangan. Hukuncin kotu ba ya halatta wa mutum abin da ya san ba nasa ba ne, ko da ya fi abokin shari'arsa iya magana ko yawan takardu. Wanda ya ba da cin hanci aka ba shi gonar wani, akwai wata kotun tana jiransa.

Abin yi

Rubuta mu'amala ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Wanda ya ce neman takarda tsakanin 'yan uwa rashin yarda ne, ya sake tunani. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne.

Mai gona ya tashi tun shi da mai masaukinsa suna raye, su je wurin kwamitin ƙasa na ƙauye da ofishin sous-préfet, a fayyace ko saye ne ko haya ko rabon amfani, a rubuta, 'ya'yan ɓangarorin biyu su shaida. Wanda zai ba da kuɗi a kan gona ya fara ganin certificat foncier da idonsa. Magidanci ya yi wa kowane ɗa rajista kafin wata uku. Wanda ya yi aure a Nijar ko Nijeriya ya adana takardar auren daga can. Mai mata fiye da ɗaya ya zauna da malami da notaire tun yana da lafiya, a duba abin da zai mallaka wa kowacce a rayuwarsa ta hanyar da shari'a da doka duk suka yarda. Wanda sammaci ya iske kada ya ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma, domin ana yanke hukunci ko mutum bai zo ba, kuma wa'adin ɗaukaka ƙara a shari'ar dukiya wata ɗaya ne daga ranar da aka miƙa masa hukuncin a hukumance.

Kwamitocin masallatanmu su ma suna da rawar takawa. Limamin da ya zo raɗin suna zai iya tambayar uba ko an je ofishin magajin gari. Kowane masallaci ya riƙe littafin ɗaurin aure da sunayen shaidu. Ɗalibanmu da ke karatun shari'a a jami'ar Cocody su ware rana ɗaya a wata su zauna bayan La'asar, su karanta wa dattawa da zawarawa takardunsu, su nuna musu ƙofar da za su bi, har da ta ƙungiyar mata masana shari'a ta AFJCI mai ba da shawara ga marasa hali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya tsare mana namu, Ya zaunar da wannan ƙasa da ƙasashenmu lafiya. Amin.